Sakainar Kaka Mati

Duk wanda ya zauna a Safana a shekarar da Turawa ke haɗa kayansu ya san Malam Armaya'u na makarantar elementare. Dogo ne siriri, mai tafiya kamar yana ƙirga sawunsa, ga tabarau da ya ɗaure wa ƙafa ɗaya da zare. Ba ya duka, ba ya ɗaga murya. Abu biyu ne kurum ba a yi masa: ba a taɓa akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin teburinsa, ba a kuma tambayarsa labarin Ingila. Mutanen gari sun san ya je, sun san ya yi shekara biyu, sun kuma san ya dawo ba takardar shaida. Abin da ya faru a tsakani ne kowa ke faɗin nasa. Wasu su ce sanyin can ne ya taɓa masa kai, wasu su ce Turancin can ne ya fi ƙarfinsa.

A Tungar Marke aka haife shi, wata 'yar unguwa bayan Wagini, gida ashirin da 'yan kai a bakin fadama. Bai yi wayo da ubansa ba. Ƙanen kakansa ne ya riƙe shi, Kaka Mati, manomi mai tufkar igiya, wanda in rigimar iyakar gona ta tashi a unguwar shi ake kira, abin da ya faɗa kuma ya zauna. Da aka zo neman yara don makarantar Batsari, kowa ya ɓoye nasa, Kaka Mati ya ce ga nasa nan mai shegen tambaya, a kai shi ya je ya dami Turawa, su ma su ɗanɗana. Daga Batsari sai makarantar Midil a Katsina, sai kwaleji, sai koyarwa, har ya samu ya yi digiri a fannin tarihi. Ko yaushe ya zo hutu tsohon zai leƙo daga zaure ya ce Baturen Tunga ya sauka, a ɓoye dawo kada ya rubuta shi. Tasalla matar tsohon kuwa angona take kiransa, tana ƙorafin ango ya tafi ya bar ta da tsoho mai tari.

A 1957 aka fara neman waɗanda za su karanci hulɗar ƙasa da ƙasa, don mulkin kai ya matso, kuma ƙasa ba ta yi sai da jakadu. Sunan Armaya'u ya fito. Aka ce zai yi digiri na biyu a wata jami'a a Ingila, ba zaman aji ba, bincike zai yi ya rubuta kundi a ƙarƙashin malami guda mai duba aikinsa.

Malamin nan Dakta Wilmot ne, dattijo mai furfura da lofe, ofishinsa cike da taswira. Ranar farko Armaya'u ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, bai zauna ba sai da aka ce masa sau biyu. Shi a saninsa malami ɗaya ne ko a ina, irin na zaure, wanda kake durƙusawa a gabansa, ka faɗa masa abin da ba ka faɗa wa uwarka ba, ya riƙe maka shi har kabari. Dakta ya yi dariyar takalman, amma bai gane abin da suke nufi ba, Armaya'u kuma bai ga dalilin yin bayani ba.

Suka tsayar da abin da zai bincika: iyakar da Ingilishi da Faransa suka shata tsakanin ƙasar Katsina da ƙasar Maraɗi, da yadda aka yi ta ma'amala a kanta. Wata tara yana zaune a ɗakin ajiyar tsofaffin takardu yana kwafar wasiƙun da gwamna ya aika wa gwamna. Ya rubuta babi uku ya kai. Dakta ya karanta, ya ajiye lofe, ya ce aiki ya yi tsabta, sai dai duk abin da ke ciki Turawa ne ke magana da Turawa, kuma an riga an rubuta shi. Mutanen da aka ratsa gonakinsu da layin fa, su me suka yi? Ya ce ya koma gida wata shida ya zo da abin da babu shi a takardar kowa, in ba haka ba kundin ba zai tsaya a gaban masu jarrabawa ba.

Ya sauka gida ana tsakiyar cirar gyaɗa. Ya hau keke ya bi dattawa, Wagini, Karare, har Tsaskiya. Ko'ina a shimfiɗa masa tabarma, a kawo fura, a gaisa har a tambayi lafiyar Sarauniya, amma da ya ciro littafi da fensir sai kowa ya tuna bai san komai ba. Iyaka? Ai can arewa take, su ba su taɓa ganinta ba. Wata biyu suka wuce littafin na nan fari fat. Ya rame, ya daina cin abincin kirki, Tasalla ta ce ko wata Baturiya ce ta ƙwace mata ango.

Ran nan da hantsi yana zaune gindin rumbu, Kaka Mati na tufka da igiya a babban yatsan ƙafa, tsohon ya dube shi ya ce wai shi wannan iyaka da yake ta nema, ta ci masa wani abu ne? Armaya'u ya ce in bai samu abin rubutawa ba, shekara biyu sun tafi a banza, aikin jakada kuma sai dai ya ji a rediyo. Tsohon ya ƙarasa tufkarsa. Sannan ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wata tsohuwar jakar fata, ya zaro rabin ƙoƙo, sakaina baƙa wuluk don tsufa, da zanen wuta a bayanta wanda ya yanke a tsakiya.

Ya ce ɗaya rabin na can wani ƙauye kudu da Maraɗi, tafiyar kwana biyu ta daji. Tun yana saurayi, lokacin da Faransa ta matsa wa mutanen can da diban soja da aikin tilas, dattawan nan da na can suka haɗu a daji suka fasa ƙoƙo biyu, suka dafa Alƙur'ani. Wanda ya gudo daga can da iyalinsa, in ɗan aike ya rako shi da rabin ƙoƙon aka haɗa ya dace, to ya zama ɗan gida. A ba shi gona, a ce wa mai tambaya ɗan'uwa ne da ya daɗe a cin rani. In kuma fari ya kama nan, shanun nan su tsallaka su sha a rijiyoyin can, ba mai cewa uffan. Ba takarda, ba hatimi, ba sarkin da ya sani. Shi Mati ne ɗan aiken wannan ɓangaren, shekara goma sha tara yana ratsa dajin da sakaina a hammata. Waɗanda suka yi rantsuwar duk sun rasu, saura shi.

Armaya'u ya jawo littafinsa da fensir. Abin da ya yi wata tara yana nema a Ingila ga shi a gindin rumbun gidansu: yarjejeniya tsakanin ƙasa biyu, da jakadanta, da shaidarta. Ya ce zai rubuta.

"Wa zai gani?" in ji tsohon.

"Malamina ne kaɗai, Kaka."

"Malaminka na karatu? Wanda kake durƙusa mashi?"

"Shi."

"To, malami ai uba ne. Rubuta. Amma wagga magana daga kai sai shi."

Ba ƙarya Armaya'u ya yi ba, iyakar abin da ya ɗauka ke nan. Ya san ana ajiye kundi a laburare, ya ga ɗaruruwansu a jere, amma bai taɓa haɗa wannan da wancan a ransa ba. A ganinsa abin da ɗalibi ya kai wa malaminsa a asirce, malamin ne zai san abin da za a fitar da abin da za a rufe. Kwana huɗu tsohon na faɗa yana rubutawa, da shekarun da aka yi kowace tafiya, da sunayen gida goma sha ɗaya na Tungar Marke da asalinsu daga can ne. A cikinsu har da gidan Sahabi, abokin wasansa na ƙuruciya, mai rake da albasa a fadama, wanda shi kansa bai san a goye aka tsallako da shi ba. Ya buga babin kofi biyu a tafiretar ofishin hakimi da hannunsa, ya kai su gidan waya a Katsina.

Amsa ta zo bayan mako biyar, ran kasuwar Batsari. Ya tsaya a inuwar wata rumfa ya buɗe. Dakta ya ce a shekara talatin da ya yi yana duba ɗalibai bai taɓa samun babi irin wannan ba. Sai dai masu jarrabawa za su nemi tabbaci, don haka ya riga ya rubuta wa Di'on yankin, Baturen mulki wanda tsohon ɗalibinsa ne, ya ba shi sunan unguwar da sunan tsohon, ya roƙe shi ya bincika. In Di'o ya amsa zai aika masa da sunayen gidajen a gwada da tsofaffin takardun ƙidaya. A ƙarshe ya ƙara da albishir cewa in an gama, kofi ɗaya zai zauna a laburare, ɗaya a aika Kaduna, kuma yana ganin har bugawa za a yi.

Armaya'u ya karanta sau biyu. A rumfar da ke kusa, Jafaru mai awon gyaɗa na zaune kan buhu yana yi wa mutane zancen da ya shekara uku yana yi: fadamar Tungar Marke ta kakanninsa ce, waɗanda ke nomanta baƙin haure ne daga ƙasar Faransa, ranar da ya samu shaida ko a bakin mutum ɗaya, sai sun tattara sun koma inda suka fito. Da can dariya ake yi masa, don duk lokacin da ya kai ƙara Kaka Mati ake kira, ya ce shi ya san kakan kowa a unguwar, magana ta mutu. Jafaru kuwa yana da suruki a cikin akawunan ofishin Di'o, wanda duk wasiƙar da ta shigo sai ta bi ta hannunsa.

Ko gida Armaya'u bai koma ba. Ya ɗora keke a motar gyaɗa zuwa Katsina, ya buga wa Dakta tangaraho cewa kada ya aika da sunaye, bayani na tafe. Washegari ya dawo ya sami tsohon yana sassaƙa ƙotar fartanya, ya durƙusa ya faɗa masa komai, bai rage ba.

Kaka Mati bai zage shi ba, da ma ya zage shi. Ya tambaya ko sunayen sun tafi, aka ce ba su tafi ba tukuna, sunansa ne da na unguwa. Ya tambaya wannan laburare mene ne, Armaya'u ya ce ɗaki ne da kowa ke shiga ya karanta abin da ya ga dama. Tsohon ya jinjina kai ya ce ashe malamin nasu a kasuwa yake ba da karatu. Daga nan ya ci gaba da sassaƙa. Tasalla da ke tankaɗe a bakin ɗaki ta ajiye rariya ta shige ciki, ranar ba ta kira kowa ango ba.

Bayan kwana tara Di'o ya zo rangadi Batsari, aka aiko dogari ya tafi da Mati a kan jaki. Armaya'u ya bi jakin a ƙasa. A ƙofar gidan hakimi an taru, Jafaru na gaba-gaba da sabuwar hula. Di'o ya yi tambaya cikin Hausarsa ta Turawa, da ladabi, ya ce ya ji labarin wata yarjejeniya ta ƙoƙo, yana so ya ji daga bakin mai ita.

Sai ga Kaka Mati, mutumin da bai taɓa yin wargi a gaban manya ba, ya washe baki yana sosa ƙeya. Ya ce ranka ya daɗe, yaron nan ne ya dame shi da tambaya, ba ya ci ba ya sha, shi kuwa ya ga jikansa zai lalace, sai ya shirya masa tatsuniya. Ya ce ai ya ma gaya masa Faransawa a kan kuraye suke zuwa diban soja, bai sani ba ko ya rubuta wannan. Aka fashe da dariya. Di'o ya ce to ƙoƙon fa? Tsohon ya zaro sakainar daga aljihu ya ɗaga ta sama.

"Wagga? Da ita Tasalla ke ɗibar wa kaji dusa, ranka ya daɗe. In Sarauniya na so a kai mata."

Har dogarai sai da suka riƙe ciki. Di'o ya rufe littafinsa yana murmushi. Jafaru ya tashi ya kaɗe riga, amma kafin ya tafi ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce jama'a su shaida, wannan ne mutumin da ake kafa hujja da bakinsa a kan gonakin mutane, ga shi da kansa ya ce shi mai shirya ƙarya ne.

Suka kama hanyar gida. Da suka isa, tsohon ya wuce kai tsaye madafa inda Tasalla ta ɗora tukunya, ya karya sakainar a gwiwarsa, ya tura gutsattsarin cikin murhu. Armaya'u na tsaye yana kallo. Tsohon ya ce, ba tare da ya juyo ba, shi ne ya dafa Alƙur'ani ba Armaya'u ba, don haka laifin nasa ne, ya je ya huta. Tun daga ranar ba a sake kiran Mati rabon iyakar gona ba, ko shaidar ɗaurin aure. Matasa suka laƙaba masa Mati Kura. Jafaru bai samu shaidarsa ba, amma unguwar ta rasa bakin da ke tare mata.

Da Armaya'u ya koma Ingila, wasiƙar Di'o na kan teburin Dakta. Dakta ya ce shi bai yarda da ita ba. Ya gwada shekarun da tsohon ya faɗa da takardun Faransa, kowace tafiya ta faɗo daidai da shekarar da aka yi diban soja, mai tatsuniya ba ya dacewa haka sau goma sha ɗaya. Ya ba da haƙuri a kan garajen da ya yi, da gaske kuma yake. Ya kawo shawara: a cire sunaye a sa haruffa, Armaya'u ya tsallaka can ya nemo ɗaya rabin ƙoƙon da mai shaida guda, shi zai tsaya masa a ƙara masa lokaci. Ya ce wannan kundin zai buɗe masa duk ƙofar da yake so.

Armaya'u ya kwana uku yana juya maganar. Yana son aikin nan, ba ya ɓoye wa kansa. Ya ga kansa da alkyabbar jakada, ya ga an buga sunan Mati a littafi an wanke shi daga Mati Kura. Amma ya san Tungar Marke. Gida ashirin da 'yan kai, fadama ɗaya, tsoho ɗaya mai sakaina da aka yi wa dariya a gaban hakimi. Ko da harafi aka rubuta, surukin Jafaru ba ya bukatar fiye da yini guda ya mayar da kowane harafi ƙofar gidansa. Kuma in babin ya tabbata gaskiya, to kunyar da tsohon ya jawo wa kansa a Batsari ta tafi a banza.

Ya koma ofishin, wannan karon da takalmansa. Ya tambayi Dakta ko akwai hanyar da kundi zai wuce ba tare da an ajiye shi inda kowa zai gani ba. Dakta ya ce ana iya rufe shi shekara biyar, daga nan dole a buɗe, ilmin da ba a iya dubawa ba ilmi ba ne. Armaya'u ya ce shekara biyar ta yi kaɗan, ko raken Sahabi bai gama sanin ƙasar ba.

"To, abin da Di'o ya rubuto shi ne daidai," in ji shi. "Tatsuniya ce. Ni ne ban tantance ba."

Dakta ya ajiye lofe. "Ka san ba haka ba ne, ni ma na sani."

"Ina roƙon a ba ni takarduna, Malam. Duka kofi biyun."

Ya ba shi. Babi ukun da suka rage aka kai gaban masu jarrabawa, suka ce abin da Dakta ya faɗa tun farko: aiki mai tsabta, ba sabon abu. Suka ba shi shekara guda ya kawo ƙari. Bai kawo ba. Waɗanda suka tafi tare da shi aka rarraba su ofisoshin jakadanci su koyi aiki, shi kuwa aka turo shi Safana ya riƙe aji uku.

Ya je Tungar Marke gaisuwa da ya sauka. Kaka Mati ya amsa masa da kyau, ya tambayi hanya, ya tambayi ruwan teku, ya sa masa albarka. Ya riƙa ce masa Malam daga farko har ƙarshe, bai ce Baturen Tunga ba ko sau ɗaya. Armaya'u ya faɗa masa takardun na wurinsa, ba kowa zai gani ba. Tsohon ya ce to a ƙona mana. Ya ce zai ƙona. Har yau da ake wannan magana suna cikin akwatin ƙarfen nan. Sau biyu yana fito da su bayan makaranta da ashana a hannu, sai ya tuna sakaina ta ƙone, sauran masu rantsuwa sun ƙare, in waɗannan suka tafi ba sauran abin da zai nuna Mati bai taɓa yin ƙarya ba sai ranar nan guda. Sai ya mayar ya kulle, ya kuma kwana da sanin cewa muddin suna nan, kwaɗo ɗaya ne tsakanin Jafaru da fadama.

Ran wata kasuwar Safana, ana saura 'yan watanni a sauke tutar Turawa, Sahabi ya biyo da jaki ya sauke masa ɗaurin rake a ƙofar aji. Suka gaisa, ya ba shi labarin Jafaru ya sake kai ƙara an kore ta don ba shaida, sai dai yanzu kowace shekara sai ya kai, tunda ba Kaka Mati a tsaye. Sannan ya rage murya, ya ce shi fa ba ya son jin abin da mutane ke faɗa, amma wai da gaske ne jarrabawar can ta kayar da shi?

Armaya'u ya ce da gaske ne.

Sahabi ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce tun suna yara ya san yawan tambayar nan ba za ta kai shi ko'ina ba, da ya zauna sun yi noman rake tare da yanzu ya yi ƙiba. Ya ce Allah ya sa hakan ne mafi alheri. Armaya'u ya ce amin, ya taya shi ɗaure igiyar jakin, ya koma aji.